Mota Ta Bakwai a Kamfanin Badaru

A layinmu na Waziriyya, idan ka ji wata murya ta danne ƙarar motoci, to Badaru ne yake waya da mutanen gida. Ba ya yin wayar a ɗaki. Sai ya fito bakin ƙofa, ya dafa bango, ya ɗaga kai sama, sannan ya fara: “Alhamdu lillahi, Yaya, aiki ya yi mana yawa. Motoci duk suna kan hanya. Ɗaya tana Yanbu, biyu sun tafi Madina.”

Mu da muke shan shayi a gefe mun san babu abin da ya tafi Madina. Badaru mai gadin wani sito ne. Mota ɗaya ya taɓa mallaka a duniya, wata farar a-kori-kura mai shan dizal, irin wadda a nan Jidda ake kira wanet, ita ma ya sayar da ita shekara tara da suka wuce. Sai dai bai gaya wa danginsa na Mai Wurno ba, can ƙasar Sudan, kuma duk wayar da zai yi sai motar ta ƙara haihuwa. A bana ta kai bakwai.

Wata Talata wayar ta zo masa da abin da bai shirya ba. Yayansa Zaharadden, wanda ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsu, ya ce ya samu bizar umra, jirgin ruwa zai sauke shi nan da kwana goma sha biyu. Ya ce kafin ya wuce Makka yana so ya ga kamfanin nan da idonsa. Muka ga Badaru ya saki bangon a hankali. Mutumin nan ba ya jin kunyar kowa, amma da yayansa ya kira shi maƙaryaci gara a ce ya bar Jidda da ƙafa.

Matarsa Zinariya ta leƙo ta ce, “Baban Fauziyya, ka gaya masa gaskiya mana ka huta.”

“Gaskiyar ai ita zan nuna masa. Ba ni da mota ne? Tana wurin Abdulghaffar. Ajiya na ba shi.”

“Ajiyar da kuka tafa hannu a gaban shaidu?”

“Ke ba ki san harkar kamfani ba. Zan dawo da ita, in tashe ta cikin kwana uku. In Yaya ya ga ɗaya, sai in ce shida suna kan hanya. Wa zai bi su ya ƙirga?”

Washegari ya ja ni da Ubale, maƙwabcinmu mai raba ruwan sha a ƙaramar bas, muka tafi unguwar Kurayyat. A hanya ya cika mana kunne. Ya ce motar nan ta san muryarsa. Ya ce dizal ba ya mutuwa, barci yake yi. Ya ce da kunne kaɗai yake gane ciwon inji, har wani Bafilifine mai gareji ya taɓa roƙonsa ya koya masa.

Muka tarar da mai barcin a bayan gidan Abdulghaffar. Tayoyi huɗu sun kwanta. Farin fentin ya koma ruwan ƙasa. Da Badaru ya buɗe ƙofa, kyanwoyi biyar suka fito a jere, ta shida ta tsaya a kan kujera tana hararar sa. A jikin gilashi kuwa ga takardar baladiyya, wato hukumar gari, tana cewa a ɗauke wannan tarkace ko su zo su ɗauke da kansu. Ni na karanta, Ubale ya karanta. Badaru ya ce tallan inshora ce.

Abdulghaffar ya fito yana murna kamar an yi masa haihuwa. “Ya akhi, wallahi Allah ne ya kawo ka! In dai za ka ɗauke min ita, ni ba na son ko...”

“Tsaya nan!” Badaru ya ɗaga hannu. “Kada ka fara yabonta, na san dabarunku. Zan ba ka mukayyif ɗin ɗakina.”

Mukayyif shi ne na’urar sanyaya ɗaki, kuma muna tsakiyar watan Agusta. Abdulghaffar ya saki baki don mamaki. Badaru ya ɗauka rainawa ya yi.

“Bai ishe ka ba ko? Na ƙara maka firjin gida.”

“Badaru, saurara mana, ni cewa nake...”

“Da injin wanki!”

Ubale ya taka masa ƙafa. Abdulghaffar ya ga in bai yi sauri ba mutumin nan zai ƙara da ƙofar gida, sai ya ce, “Halas, shi ke nan! Mukayyif da firji sun isa. Allah ya sa albarka.”

Badaru ya juyo yana ƙyafta mana ido. “Kun ga yadda ake ciniki? Ko bakin magana ban ba shi ba. Har injin wanki na ƙwato.”

Da yamma aka zo aka cire mukayyif, aka bar rami a bango. Aka fitar da firji, Zinariya tana tsaye da robobin zoɓon da take sayarwa a hannu. Ba ta yi ihu ba. Cewa ta yi, “To, Allah ya sa motar tana da sanyi, don a cikinta za ka kwana.”

Sai maganar kawo ta gida. Kowa ya ce a kira motar ɗaukar matattun motoci. Badaru ya ce shi motarsa ba gawa ba ce da za a ɗora ta a makara. Ya sa aka hura tayoyin, ya ɗaure bambarta da igiyar shanya ninki huɗu a bayan bas ɗin Ubale, ya shiga ya kama sitiyari da hannu ɗaya, ɗayan a waje yana gaisa da mutanen da ba su san shi ba.

Ubale ya ce, “Ka gwada birki?”

“Birkin nan ni na ɗaura shi da hannuna.”

“Yaushe?”

“Yalla, ja mu tafi, kana ɓata min lokaci.”

A danja ta farko Ubale ya tsaya. Badaru bai tsaya ba. Muka ji garam daga baya, jarkokin ruwa suka yi tsalle, biyu suka fashe a kaina. Ubale ya fito yana salati, Badaru ya leƙo ya ce masa, “Wa ya koya maka tuƙi? Ana jan mota ana tsayawa ba sallama?”

Daga nan Ubale ya rantse ba zai ƙara tsayawa ba sai Waziriyya. Ya kuwa cika alkawari. Har ya fara yabon motar, yana cewa ashe da ta saba da hanya ba ta da nauyi. Muka iso ƙofar gida, muka fito, muka ga igiya da bamba suna kwance a ƙasa, babu mota, babu Badaru. Muka koma muka same shi nesa da nan a gefen titi, yana zaune a inuwar motar, ya cire hula yana fifita.

Ya ce, “Da gangan na sake ku. Gudunku ya yi wa injin yawa.”

Da ƙyar muka kawo ta da sarƙar aro.

Kwana ukun da ya ɗiba suka zama tara. Ranar farko ya ce sai an fitar da tsohon dizal. Ya zura tiyo a tanki, ya kafa baki ya zuƙa, ya tsaya yana yi mana bayanin yadda gwanaye suke cire baki a daidai lokaci. Bayanin ne bai ƙare ba dizal ya iso. Ya haɗiye abin da ya haɗiye, sauran ya fito ta hanci. Kwana biyu duk gyatsar da zai yi a masallaci sai sahu ya buɗe. Liman da kansa ya ce a duba ko wani ya shigo da jarka.

Rana ta uku ya kwance duk abin da sifana ta kama. Ya jera su a kan tabarma, ya ce a kansa taswirar take. Da ya mayar, ƙusoshi goma sha ɗaya suka yi saura. Ya ce kamfanin da ya ƙera motar ne yake sa ƙari don ɓarna. Gidan matatar iska kuwa, da ya ga kyanwoyi sun mai da shi makewayi, sai ya cire ya jefar gaba ɗaya, ya bar bakin bututun a buɗe. Ya ce inji ma yana son ya sha iska.

Rana ta shida batir ya ƙi, sai ya ce turawa kawai take so. Ya tsaya a ƙofar masallaci bayan sallar la’asar ya tare mu, ya ce taimakon Musulmi sadaka ne. Mu goma sha huɗu muka kama, har da mai gidan burodi Bayamane da wani dattijo mai ciwon gwiwa. Muka tura. Badaru yana ciki yana ihu: “Yalla! Ƙara! Ta kusa! Na ji numfashinta!” Muka zaga layin sau uku cikin ranar Jidda. Ni har yau in hadari ya taso sai ƙuguna ya tuna min da wannan la’asar, kuma ban yafe ba.

A zagaye na huɗu muka iso ƙofar gidansa, harshe a waje. Zinariya ta fito da kwanon miya a hannu, wani abu mai kamar gwangwani yana iyo a ciki.

“Baban Fauziyya, wannan abin da ka jiƙa a kwanona tun shekaranjiya, yaushe za ka ɗauke? Ina son in yi girki.”

Ubale ya leƙa kwanon. Ya dubi Badaru. “Matatar mai ce. Badaru, motar da ba a haɗa mata hanyar mai ba muke turawa?”

“Gwajin tayoyi muke yi yau,” in ji Badaru. “Wa ya ce muku inji?”

Bayamanen ya faɗi wata magana da Larabcinsu wadda ba zan rubuta ba.

Ana gobe jirgi zai iso, Badaru ya ari buroshi ya rubuta a ƙofar motar da jan fenti: KAMFANIN BADARU DA ’YAN’UWA. A ƙasa ya sa MOTA TA 7. Fentin ya zuba, bakwai ɗin ta yi jela har taya. Sannan ya ce ya gano asalin matsalar: yunwa. Injin da ya shekara tara bai ga baƙin mai ba, ai ba ma’aunin yau da kullum za a ba shi ba. Ya juye galan ɗaya, ya juye na biyu. Ubale ya zaro tsinken awon mai ya nuna masa.

“Ka ga layin nan? Nan ake tsayawa. Ka wuce shi tun ɗazu.”

“Tsinken nan don ’yan koyo aka yi shi. In baƙo ya zo maka da yunwa, awo kake yi masa?” Ya buɗe galan na uku, bai tsaya ba sai da ya ga man yana ƙyalli a bakin murfi. Ya shafa motar ya ce, “Ƙoshi, ’yar albarka.”

Da safe ya sa farar riga sabuwa, ya haɗa sabon batir na aro, ya roƙi Ubale ya je tashar jirgi ya ɗauko baƙon. Shirinsa shi ne da zarar bas ta shawo kwana, sai ya murɗa makulli, yayansa ya tarar da shi a bakin aiki. Bai gwada ba, wai kada ya ƙarar da batirin. Ya gayyaci duk layin. Mun zo kuwa, ba don ƙauna ba. Wanda ya tura mota zagaye huɗu yana da hakkin ganin ƙarshenta.

Wajen ƙarfe goma bas ta shawo kwana. Wani dogon dattijo ya fito, siriri, da farar jallabiya da babban rawani irin na Sudan, jaka ɗaya tak a hannunsa. Badaru ya ɗaga masa hannu ta taga, ya ce “Bismillah,” ya murɗa.

Ta yi tari. Ta yi tari na biyu. Ta tashi!

Wallahi har ni sai da na yi kabbara. Badaru ya fito da kai, fuska kamar ranar salla. “Ban gaya muku ba? Ta san muryata! Yaya, marhaba! Wannan ita ce ƙaramarsu!” Ya taka totur don yayansa ya ji zaƙin injin. Ya sake takawa. Sannan ya ɗaga ƙafa.

Injin bai san an ɗaga ba. Ƙara ta hau, ta ƙara hawa, motar ta fara rawa a tsaye. Hayaƙi fari mai kauri ya tunkuɗo daga salansa, ya cika bayan motar, ya haye katanga.

“Kashe ta!” Ubale ya yi ihu.

“Gaisuwa take yi!”

“Kashe ta, Badaru!”

Ya murɗa makulli baya. Babu abin da ya canja. Ya zare makullin gaba ɗaya, ya fito, ya ɗaga shi sama yana nuna wa motar, kamar zai tuna mata da doka. “Na kashe ki! Ga shi a hannuna!” Motar ta ƙara murya. Ashe man da ya ɗura mata ne ya sami hanya ya shiga inda ake ƙonawa. Ta bar dizal ta koma cin abincin da ya ba ta, kuma ya ba ta na kwana da kwanaki.

Cikin minti ɗaya ba ka ganin tafin hannunka. Mata suna janye shanya suna tsinuwa ta tagogi. Bayamane ya ja ƙofar shagonsa da burodi a wuta. Dattijon nan mai ciwon gwiwa ya wuce ni da gudun da ban yi zaton yana da shi ba. Wani yana kiran ’yan kwana-kwana, wani yana kiran salla ba lokaci ba. Badaru ya cire wayar batir, ba ta tsaya ba. Ya kwarara mata bokitin ruwa a gilashi. Ya zaga baya ya toshe salansa da takalminsa, takalmin ya tashi sama, ba a sake ganinsa ba. Muryar Zinariya ta ratso hayaƙin: “Ka yi mata magana mana! Ba ta san muryarka ba?”

Sai muka ga farar inuwa tana tafiya a hankali zuwa gaban motar. Zaharadden ne. Ya ajiye jakarsa, ya ɗaga murfin inji, ya duba sau ɗaya. Ya kwance rawaninsa, ya dunƙule, ya cusa a bakin bututun iskar nan da Badaru ya bari a buɗe, ya danne da tafin hannu. Injin ya zuƙe rabin rawanin, ya shaƙe, ya yi gurnani, ya yi shiru.

Shirun ma sai da ya yi mana ciwo a kunne.

Hayaƙi ya fara washewa. Ga Badaru a tsaye, ƙafa ɗaya ba takalmi, farar riga ta zama ta makaniki, makulli har yanzu a hannu. Ga motar kwana-kwana ta iso tana jiniya, jami’in yana tambayar motar waye. Yatsu kamar talatin suka nuna mutum ɗaya. Sai da liman ya sa baki sannan suka tafi, bayan sun yi masa faɗan da ko ɗan fari ba a yi wa.

Zaharadden ya goge hannu a jallabiyarsa. “Shekara talatin ina fama da injin ban ruwa a gona,” ya ce. “Ban taɓa ganin wanda ya shayar da inji haka ba. Wane direban ne ya yi wannan ɓarna, Badaru? Ka kore shi yau.”

 Ubale ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

Badaru ya buɗe baki. Na ga ƙaryar tana tahowa, har ta iso leɓe. Amma yayan ya riga shi, ya sassauta murya, sai dai duk mun ji.

“Ba umra kaɗai ta kawo ni ba, ƙanena. Gonar ba ta ciyar da mu yanzu. Na gaya wa yara su kwantar da hankali, ƙanena yana da motoci bakwai, ba zai rasa ɗaya da zai ba ni in tuƙa ba. Shi ne na zo in roƙe ka aiki.”

Dariyar da muka tanada tun kwana goma ta maƙale mana. Ni dai tausayi ya kama ni, na dattijon da kansa ba rawani, da na wawan da yake tsaye a gabansa. Badaru ya sunkuyar da kai. Karo na farko tun da na san shi, sai da na matsa kusa kafin in ji muryarsa.

“Yaya, babu direba. Babu shida. Ita ke nan, ita ma da firjin Zinariya na karɓo ta. Gadi nake yi.”

Zaharadden ya daɗe yana kallonsa. Ya kalli jan fentin da ya zuba a ƙofa. Ya kalli Zinariya, ta gyaɗa kai. Bai ce maƙaryaci ba, kuma ina ganin da ya faɗa da ya fi wa Badaru sauƙi. Ya zaga motar, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya ƙwanƙwasa injin da yatsa.

“Ba ta mutu ba,” ya ce. “Ta yi ƙoƙari, amma ba ka ba ta dama ba. In na dawo daga Makka, mako guda ya ishe ni.”

Ubale ya matso yana sosa ƙeya. “Alhaji, bas ɗina ma tana wani kuka da safe.” Bayamane ya ce janaretonsa. Liman ya ce famfon masallaci. Kafin ka ce me, mutum biyar sun kewaye dattijon.

Da Badaru ya ga haka, sai wuyansa ya fara miƙewa. Ya gyara tsayuwa a kan ƙafa mai takalmi. “Layi-layi, jama’a! Kun ɗauka banza na ɗauko injiniya tun daga Sudan? Duk mai son ganinsa sai ya biyo ta ofishin...”

“Badaru.”

“Na’am, Yaya.”

“Karɓo roba wurin Zinariya, ka shiga ƙarƙashi ka zubar da man nan. Kada ka taɓa komai sai ƙusar da na nuna maka.”

Zinariya ta miƙo robar tun kafin a tambaye ta. Muna tsaye muka ga mai motoci bakwai ya kwanta a ƙasa da sabuwar riga, ya ja jiki ya shige, ƙafafu kaɗai a waje. Ranar ce kamfanin Badaru ya ɗauki ma’aikacinsa na farko, kuma Badarun ne.